Romo da Doka: Sharhi a kan Baƙin Kalmomin Kotu da na Masu Gyaran Wuta a Yammacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

Akwai wata 'yar kalma mai haruffa uku, "jus", wadda ta isa ta zama mabuɗin wannan sharhi. A harshen Latin kalmomi biyu ne suka yi tarayya a wannan siffa: ɗaya tana nufin doka ko haƙƙi, ɗayar kuwa tana nufin romo. Ta farko ta bi lauyoyi daga ƙasa zuwa ƙasa, har ta iso littattafan shari'a na Nijeriya cikin maganganu irin su "jus soli", watau haƙƙin zama ɗan ƙasa saboda an haifi mutum a cikinta. Ta biyu kuwa bakin Faransawa ta faɗa. Suka kira ruwan 'ya'yan itace da ita, aka ara aka laƙaba wa kofi, daga bisani masu aikin lantarki suka mayar da ita sunan wutar da ke gudu cikin waya. Saboda haka abin da littafin makaranta yake kira "court-circuit", watau haɗuwar wayoyi biyu da bai kamata su haɗu ba, sai lebura ya taƙaita shi ya ce "court-jus".

An daɗe ana kuka a tarurrukan masana Hausa cewa kalmomin aro sun yi wa harshe yawa, kuma galibi bakanike da direba da mai gyaran wuta ake nuna wa yatsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa an bar jaki ana dukan taiki. Kalmar aron da ke bakin mai gyaran wuta ta riga ta zama 'yar gida, ba ta cutar kowa. Wadda ke yin ɓarna ita ce wadda ke bakin kotu, domin ba a bar ta ta shiga gida ba, alhali kuwa da ita ake yanke wa masu gidan hukunci. Za a ɗauki misalai daga ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum.

2.0 Dalilin zaɓen wannan yanki

Da wuya a sami wurin da ya fi wannan yanki dacewa da irin wannan nazari. Garin Gummi shi kaɗai ya ba Nijeriya manyan alƙalai biyu daga makarantu biyu. Na farko shi ne Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalai na Jihar Arewa a 1962, ya fassara ma'anonin Alƙur'ani Mai Girma zuwa Hausa, ya kuma sami lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987. Na biyu shi ne Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, wanda ya riƙe muƙamin Babban Joji na Babbar Kotun Birnin Tarayya, Abuja, har zuwa 2013, lokacin da ya ajiye aiki ya hau gadon sarautar Gummi. Ɗaya ya yi hukunci da kalmomin Larabci, ɗaya da na Ingilishi da Latin, dukansu kuwa Hausar Zamfara suka tashi da ita.

Bugu da ƙari, Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a 1996, ita ce ta fara ayyana faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a watan Oktoba na 1999, aka soma zartarwa a Janairun 2000. Tun daga lokacin talakan Anka ko na Bukkuyum yana iya tsintar kansa a gaban kotu iri biyu: ta shari'a, inda ake magana da rubutu da Hausa, da ta majistare ko babbar kotu, inda Ingilishi ne harshen rubuta bayanai. Sa'an nan kuma yankin bai yi nisa da Jamhuriyar Nijar ba, fatauci da ci-rani da auratayya sun sa kunnen mutanensa ya saba da Hausar da ta sha Faransanci.

3.0 Bakin mai gyaran wuta

Abu na farko da za a lura da shi shi ne, Bahaushe bai tsaya jiran kwamiti ba kafin ya raɗa wa lantarki suna. Bafaranshe ya dube shi ya ga abu mai gudu kamar ruwa, ya ce romo. Bahaushe ya dube shi ya ga abu mai haske da ƙuna, ya ce wuta. Daga nan sauran maganganu suka biyo baya da kansu: an kawo wuta, an ɗauke wuta, wuta ta yi ƙasa, wuta ta ja shi, kuɗin wuta, kwan fitila. Sunan nan "wuta" yana ɗauke da gargaɗi a cikinsa, domin ko yaron goye ya san ba a wasa da ita.

Inda harshe bai tanadi suna ba sai aka yi aro. A Nijeriya daga Ingilishi aka samo waya da mita da soket da fiyus da janareta da taransifoma. A Maraɗi da Damagaram kuwa daga Faransanci aka samo "ampul" a madadin kwan fitila, da "pil" a madadin batir, da "gurup" a madadin janareta. Kowace daga cikin waɗannan kalmomi ta bi dokar harshe. An ba ta jinsi, an yi mata jam'i: waya, wayoyi, mita, mitoci. Ta kuma bi karin harshen wurin da ta sauka, ta yadda Bazamfaren da ke cewa "hita" da "hili" ba zai ji nauyin cewa "hiyus" ba.

A dubi ita kanta haɗuwar wayar. Wutar gida tana shigowa ta waya ɗaya, ta ratsa kwan fitila ko fanka ta yi aiki, ta koma ta ɗaya wayar. Idan robar da ta rufe wayoyin ta zagwanye, ko ɓera ya gwaguye ta, ko ruwan damina ya shiga, sai wutar ta sami hanyar komawa ba tare da ta ratsa komai ba. Da yake babu abin da ya tare ta, sai ta kwararo fiye da kima, waya ta yi zafi, tartsatsi ya tashi, wani lokaci har gobara. Amfanin fiyus shi ne ya zama ɗan siririn wuri mai rauni wanda zai riga sauran narkewa, ya yanke hanya. Wannan bayani duka mai gyaran wuta yakan dunƙule shi ya ce wa mai gida, wayoyi ne suka haɗu, ko kuwa ta yi "shot". Mai gida ya gane, ya san abin da zai saya, ya kuma san hatsarin maye gurbin fiyus da kaurin waya.

Sai a kwatanta wannan da abin da akan ci karo da shi a wasu fassarori na kalma-da-kalma, inda ake rubuta "gajeren kewaye" ko "gajeren zagaye". A nahawu babu kuskure, amma duk mai jin Hausa ya san inda ake nufi idan an ce mutum ya kewaya ko ya zagaya. Fassarar ta kiyaye haruffa ta zubar da ma'ana.

Babbar alamar da ke nuna cewa kalma ta zauna daram a harshe ita ce a fara yin habaici da ita. A da, da dalma ake yin zaren fiyus a Faransa, shi ya sa har yau idan wuta ta yanke sukan ce dalmomi sun yi tsalle, idan kuma mutum ya harzuƙa ya fita hayyacinsa su ce "péter les plombs", watau ya fasa dalmominsa. Bahaushe ma ya yi irin wannan da kayan bakanike, inda yakan ce notin kan wane ya kwance, ko wane ba shi da saiti. Ba a yin wasa sai da abin da hannu ya saba da shi.

4.0 Bakin kotu

Kalmomin shari'a a Hausa hawa uku ne. Hawa na farko na Larabci ne: shari'a, alƙali, hukunci, shaida, hujja, da'awa, iƙirari, haddi, ƙisasi, diyya, gado da wasiyya da hul'i. Waɗannan ba da rana ɗaya suka shigo ba. Ɗaruruwan shekaru malaman zaure suka yi suna karantar da Risala da Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam, suna karanta Larabci suna fassarawa da Hausa gaɓa-gaɓa, a gaban duk wanda ya zo ya zauna. Daga baya irin su Alhaji Haliru Binji suka rubuta littattafai kamar Ibada da Hukunci da boko. Da haka kalmomin suka yi saiwa har suka haifi 'ya'ya: hukunci ya ba da hukunta, alƙali ya ba da alƙalanci, shaida ta ba da shaidar zur.

Hawa na biyu na Ingilishi ne, wanda ya zo da mulkin Turawa, ya ƙara ƙarfi bayan da dokar Final Kod ta fara aiki a Arewa a 1960: kotu, joji, lauya, beli, afil, caji, sammaci, fursuna. Abin sha'awa a nan shi ne, kotu da joji da beli da afil duk asalinsu Faransanci ne, sun shiga Ingilishi bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Ke nan ta hannun Ingilishi suka zagayo. A Nijar kuwa kai tsaye aka karɓa, aka sami "aboka" a madadin lauya, da jandarma, da "kaso" daga kalmar Faransanci mai nufin kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Gidan kaso ya tsallako iyaka, har gidajen rediyo na Nijeriya suna faɗarsa. Wannan hawa ma ya zama na gida, tun da har ana cewa kotu ta sammaci wane, ko an caje shi.

Hawa na uku shi ne na Latin, kuma shi kaɗai ne ya ƙi sauka. Fiye da shekara ɗari ke nan ana furta "habeas corpus" da "ex parte" da "prima facie" a ƙasar Hausa, amma babu ɗaya da ta sami jinsi ko jam'i, babu wadda aka yi karin magana da ita. Dalili kuwa a fili yake. Mai gyaran wuta yana bukatar mai gida ya gane shi kafin ya biya shi. Lauya kuwa da joji da takwaransa lauya yake magana, wanda ake shari'ar dominsa yana tsaye a akwati yana kallon bakinsu.

5.0 Kalmomi huɗu da abin da suke ci

Kada a ɗauka wannan magana ce ta ƙawa kawai. Tun wajen 2011 da satar shanu da fashin daji suka addabi wannan yanki, kame ya yawaita, kuma yawancin waɗanda ake kamawa manoma ne da makiyaya da masu haƙar zinariya waɗanda ba su yi boko ba. Ga kalmomi huɗu da irin abin da rashin saninsu kan jawo.

Ta farko "alibi", ma'anarta a Latin ita ce "a wani wuri". Kariya ce da wanda ake tuhuma zai ce ba ya wurin da aka yi laifin a lokacin da aka yi shi. Ƙa'idar kotunan Nijeriya ita ce ya faɗi haka tun da wuri, tun a hannun 'yan sanda, ya ambaci inda yake da waɗanda yake tare da su, don a bincika. Idan ya bari sai a gaban joji, kariyar takan yi rauni ƙwarai. A ɗauki manomin da ya kwana a kasuwar wani gari daren da aka kore shanu. Tarbiyyarsa ta koya masa cewa a gaban alƙali ake kawo shaidu, saboda haka ya yi shiru a caji ofis yana jiran ranar. Ya yi asarar hujjarsa mafi ƙarfi, don ba wanda ya gaya masa cewa tana da lokaci.

Ta biyu "nolle prosequi", watau ikon da sashe na 211 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Babban Lauyan Jiha na janye ƙarar laifi kafin a yanke hukunci. Tafinta yakan ce wa mutum an sallame shi. Amma sallama iri biyu ce a kotu: akwai wadda aka wanke mutum, ba za a sake tuhumarsa da wannan laifi ba, akwai kuma wadda aka sake shi kawai, ana iya dawo da shi gobe. Janye ƙara irin ta biyu ce. Hausa tana da kalmomin da za su raba su sarai, wankewa da saki, sai dai ba a tsayar da su a matsayin ƙa'ida ba.

Ta uku "allocutus", damar da ake ba wanda aka riga aka samu da laifi ya roƙi sassauci kafin a faɗi horonsa. Wasu lauyoyi sukan kwatanta ta da i'izari na mazhabar Malikiyya, kuma kwatancen yana ruɗarwa. I'izari kafin hukunci ake yin sa: alƙali ya tambayi mutum ko yana da sauran hujja, kuma rashin yin sa yakan rushe shari'a a wajen ɗaukaka ƙara. Wanda ya saba da kotun alƙali, idan joji ya tambaye shi ko yana da abin cewa, sai ya ɗauka ƙofar hujja ce aka buɗe masa, ya shiga musun laifin da aka riga aka tabbatar. Damar da zai ambaci tsofaffin iyaye da 'ya'ya ƙanana da cewa bai taɓa laifi ba, ta wuce ke nan.

Ta huɗu "mens rea", watau ƙudurin zuciya da ke tare da aikin laifi. A nan ne abin ya fi ban takaici, domin babu almajirin da bai san niyya ba, babu kuma dattijon da bai san bambancin kisan ganganci da kisan kuskure ba. Idan aka taƙaita tambayar kotu aka ce, ka aikata ko ba ka aikata ba, mai gaskiya zai ce ya aikata, ko da kuwa kuskure ne ko kariyar kai. Tunanin yana nan a harshensa, rigar Latin ce ta hana shi gane abin da ya riga ya sani.

Akwai dai guda ɗaya da jama'a suka kama da hannunsu. Idan aka ɗage shari'a "sine die", ba tare da sa rana ba, 'yan jarida da mutanen gari sukan ce an ɗage ta sai baba ta gani. Masu tsantseni za su ce maganar kasuwa ce. Amma ita ce 'yar'uwar "court-jus": waɗanda abin ya ci ne suka raɗa ta, kuma ta faɗi gaskiyar al'amarin fiye da asalin.

6.0 Inda ƙoƙarin masana ya tsaya

Ba za a ce ba a yi komai ba. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Dalhatu Muhammad ya tace, a 1991 kuma hukumar binciken ilmi ta ƙasa ta fitar da jerin kalmomin majalisa cikin Ingilishi da Hausa da Ibo da Yarabanci. Ayyuka ne masu daraja, amma na farko ɗalibin jami'a ya yi wa hidima, na biyu kuwa ɗan majalisa da mai fassara. Dukansu daga kalmar Ingilishi suke farawa, ke nan sai wanda ya riga ya san baƙuwar kalmar zai amfana. Wanda ke tsaye a akwati bai shiga lissafi ba, alhali sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ba shi haƙƙin a gaya masa laifinsa dalla-dalla cikin harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta.

Lauyoyi suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare ta. Sukan ce kalmar Latin taƙaitacciya ce, ma'anarta a kafe take, tana kuma haɗa hukuncin yau da na magabata. Amsa ita ce, masu abin da kansu sun sauke wannan kaya. Sarkin Faransa Faransuwa na Ɗaya ya ba da doka a 1539 cewa a riƙa rubuta takardun shari'a da Faransanci a bar Latin. Majalisar Birtaniya ta wajabta Ingilishi a kotuna tun wajen 1730, sa'an nan a 1999 sababbin ƙa'idojin shari'ar da ba ta laifi ba suka kawar da irin su "ex parte" suka sa Ingilishin kowa da kowa. Shari'arsu ba ta rushe ba. Abin da ke kafe ma'anar kalma shi ne yawan hukuncin da aka yi da ita, kuma kalmar Hausa ma za ta kafu idan aka yi hukunci da ita.

Sai dai akwai gargaɗi guda, don kada a ɗauka komawa ga Larabci kaɗai ya wadatar. A shahararriyar shari'ar nan ta wata mata da aka yanke wa hukuncin rajamu a Jihar Katsina, wadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta soke a Satumban 2003, ɗaya daga cikin hujjojin lauyoyinta shi ne ba a bayyana mata ma'anar zina ba. Kowa ya san kalmar a bakin gari, amma ma'anarta a fiƙihu tana da sharuɗɗan da ba kowa ya sani ba. Ashe kalmar gida ma tana iya zama baƙuwa idan aka daina bayaninta.

Cewa Hausa za ta iya ɗaukar magana mai zurfi, wannan yanki ya riga ya shaida. A 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare na Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum, ba a tsaya neman sunan likitanci ba. Aka ce gubar dalma. Da kalmomi biyu da kowace uwa ta sani aka yi wa jama'a bayanin daina niƙa dutse a cikin gida. Dalmar da Bafaranshe ya yi habaici da ita, ita ce Bazamfare ya yi gargaɗi da ita, kuma dukansu an gane su.

7.0 Kammalawa

Ma'aunin kalmar aro, bisa ga abin da ya gabata, shi ne ko wanda abin ya shafa ya gane ta, ba ƙasar da ta fito ba. Da wannan ma'auni fiyus da gurup da kaso sun ci jarrabawa, "alibi" da 'yan'uwanta sun faɗi. Aikin da ke gaban sassan Hausa na jami'o'i da ma'aikatun shari'a bai fi ƙarfinsu ba. A zauna da tafintocin kotu da tsofaffin alƙalai da magatakarda a Anka da Gummi da Bukkuyum, a tattara yadda suke faɗin waɗannan abubuwa a aikace, a tace, a tsayar da lafazi ɗaya ga kowace ma'ana, tare da jimla ɗaya ko biyu da za a karanta wa wanda ake tuhuma tun a caji ofis. Tun da Nijar ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a 2025, ya kyautu a yi aikin tare da masanan Maraɗi da Damagaram, don kada lauya da aboka su sake raba harshe ɗaya gida biyu. Mai gyaran wuta kuwa a ƙyale shi da kalmominsa, a ma je a koyi yadda ya yi.